Kyanwar da Ake Kora: Tom da Jerry da Masu Kwana a Rumfar Kasuwa

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A RAGE SAUTI)

Mutanen Garun Mallam, Chiromawa, Kadawa, Dakasoye da Yadakwari, da maƙwabtanmu na Kura da Bunkure, sannunku da aikin rani. Shirinmu na musamman na yau a kan kyanwa da ɓera ne. E, Tom da Jerry nake nufi, wannan katun da yara ke rufuwa a kansa a wayar yayansu, wanda iyayensu ma suka kalla a NTA da CTV tun zamanin da unguwa guda ke taruwa a gaban talabijin ɗaya. Na san wani dattijo zai ce yau kuma rediyo ta rasa abin faɗa. Baba, a yi mini haƙuri na ɗan lokaci, za mu iso kasuwar Kwanar Gafan.

Mu fara daga tushe. A watan Fabrairun 1940 kamfanin MGM na Amurka ya fitar da wani gajeren fim na zane mai suna Puss Gets the Boot, aikin wasu matasa biyu, William Hanna da Joseph Barbera. Tsawonsa bai kai minti goma ba. A lokacin ko sunan Tom ba a raɗa wa kyanwar ba, Jasper ake kiransa. Daga wannan fim mutanen biyu suka yi guda 114 zuwa 1958, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. To, wannan tarihi ne, mu wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin fim ɗin na farko. Kyanwa na bin ɓera, sai ya ture tukunyar fure ta fashe. Matar gidan ta fito da tsintsiya ta gindaya masa sharaɗi: ya sake fasa ko da abu ɗaya, waje zai kwana. Ɓera na laɓe yana ji. Shi ke nan ya samu lagonsa. Da kyanwa ya matso, sai ya ɗaga kofin gilashi kamar zai saki, kyanwa ya ja da baya jiki na rawa. Can ɓera ya hau kanta ya dinga jefo faranti ɗaya bayan ɗaya, kyanwa na cafewa, yana tarawa a hannu har suka yi tsiri, gumi na zuba. Daga ƙarshe komai ya tarwatse. Aka ja shi, aka wurga shi waje, aka rufe ƙofa. Ɓera kuwa ya ɗauko wani ɗan allo mai rubutun daɗin zama a gida, ya kafa a bakin raminsa, ya shige abinsa.

Ku lura da kyau. Duka ba ya tsorata wannan kyanwa. An maka masa guduma ya tashi, an matse shi da ƙofa ya miƙe. Abu ɗaya ke sa shi karkarwa, a ce masa fita. Fita kawai.

(KIƊA KAƊAN)

A nan ne masu kallo suka rabu. Yaro dai ba ruwansa, ɓera ne gwaninsa, ƙarami ya kayar da babba, a yi dariya a tashi. Amma ku saurari waɗanda suka kalla suna yara yanzu kuma suna da iyali, a shagon caji ko a teburin mai shayi, za ku ji da yawa sun sauya sheƙa. Hujjarsu ita ce Tom aikinsa yake yi. Ba shi da ko taku ɗaya a gidan nan, kwandon kwanciyarsa da kwanon madararsa duk ladan kama ɓera ne, ranar da ya gaza an sallame shi. Wannan ra'ayi ya bazu sosai a Facebook da sauran kafafen sada zumunta, a harsuna da dama, kuma ni ma, gaskiya, can na fi karkata.

Masu kare Jerry ba su yi shiru ba. Suna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari: gida cike da abinci, shi kuma a ramin bango, kullum ana farautar ransa, me ake so ya yi? Shi ma ai ɗan raɓe ne. Akwai kuma masu ganin duk abin koyar da mugunta ne. Har a Masar, a 2016, shugaban hukumar yaɗa labarai ta gwamnati, Salah Abdel Sadek, ya ɗora wa wannan katun wani kaso na laifin tashe-tashen hankula a ƙasashen Larabawa. Allah Sarki. Yankin da ke fama da manyan bindigogi, a rasa wanda za a kama sai ɓeran zane.

Wanda na fi so a cikin finafinan Tom da Jerry shi ne na 1943, The Lonesome Mouse. An kori Tom ta dalilin makircin Jerry. Jerry ya yi ta shagali, ya yi iyo a kwanon madara, ya wargaza kwandon kwanciyar abokin gabarsa. Da murna ta lafa, sai ga shi a bakin taga yana leƙen Tom a waje, kaɗaici ya ishe shi. Sai suka ƙulla yarjejeniya: ɓera ya firgita matar gida, ita kuma dole ta nemo kyanwa. Haka aka yi, suka yi faɗan ƙarya, Tom ya koma ɗaki. Wato shi kansa ya san ba don ƙauna ake ajiye shi ba. Babu ɓera, babu makwanci.

A 1952 kuma aka yi Push-Button Kitty, inda matar gidan ta sayo kyanwar inji. Tom ya ƙulle ɗan kayansa a tsumma, ya rataya a sanda, ya saɓa a kafaɗa ya fita. Ba'amurken wancan zamani ya san wannan hoto sarai. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, an kai lokacin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki, mutane suna maƙale wa jiragen ƙasa na kaya suna neman ƙwadago gari gari, wasu suna kwana a bukkokin kwali da langa-langa a gefen birane. Masu dariya a silima a 1940 sun ga wannan da idonsu. Ita ma matar da ke korar, baƙar fata ce da kusan kullum ƙafafunta kawai ake nunawa, Lillian Randolph ce ta fi yi mata murya. An yi ta sukar yadda aka zana ta a matsayin cin fuska ga baƙaƙen Amurka, kuma daga wannan fim na 1952 ba ta sake fitowa a jerin ba.

(KIƊA, SANNAN SAUTIN KASUWA A ƘASA-ƘASA)

To, mu dawo gida. Mu Hausawa muna da wata magana da muke yi da alfahari, wai rashin wurin kwana matsalar Turai ce, a nan kowa da danginsa. Akwai gaskiya a ciki. Zaure ya rufa wa baƙi asiri shekaru aru-aru, gidan mai unguwa da gidan sarkin kasuwa masauki ne, fatake ba sa tambayar otal. Addini ma ya ware wa matafiyin da guzuri ya yanke masa kaso a cikin zakka. A masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai Ahlus Suffa, sahabban da ba su da gida a Madina, suna kwana a rumfar masallaci ana ciyar da su. A cikinsu akwai Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ɗan kyanwar da yake ɗauka ne ya jawo masa wannan alkunya.

Amma ku zo Kwanar Gafan a kan titin Kano zuwa Zariya, da asubahin watan Janairu, lokacin da tumatir ya fara sauka. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Bunkure, Garun Mallam da Kura, yankin nan bai san zaman banza da rani ba. Shinkafa, alkama, albasa, tumatir. Wannan arziki shi ke kiran 'yan ci-rani: masu tsinka, 'yan dako, 'yan lodin manyan motocin da ke tafiya Legas. Da yawansu sun bar gida mai kyau a garinsu. A nan kuwa ina suke kwana? Rumfa, barandar shago, bayan tarin kwanduna, ƙarƙashin mota, a kan buhu, cikin muku-mukun sanyin da ke tasowa daga ruwan kanal, ga sauro. Mai gona ya ba ka bukka muddin akwai aiki. Ranar da kaka ta ƙare, ko injin girbi ya shigo gonar shinkafa ya yi aikin mutane da yawa a wuni guda, sai ka naɗe buhunka. Ba wanda ya kira ka marar gida, ɗan ci-rani ake ce maka, shi ya sa ba ka cikin lissafin kowa.

Zauren kuma fa? Ku dubi sababbin gidajen bulo da ake ginawa a bakin titi. Get ne na ƙarfe da makulli. Ban ga laifin mai gida ba, zamani ya zo da tsoro, an sha saukar da baƙo a wayi gari babu babur. Sai dai mun rushe masaukin, ba mu gina wani a madadinsa ba, kuma muna nan muna faɗin maganar da muka gada kamar ba abin da ya sauya.

Ana yi mini alama daga ɗakin sarrafa sauti cewa lokaci ya tafi, ga shi ban taɓo almajirai ba, waɗanda a 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka dinga lodawa a motoci ana mayar da su jihohinsu. Ban taɓo waɗanda damina ke rusa wa gidajen ƙasa su koma ajin makaranta ba, balle waɗanda ruwan Tiga ya tasa daga ƙauyukansu tun farko. Kowanne shiri ne mai zaman kansa.

Kirana a taƙaice yake. Shugabannin kasuwa da dillalai, ana karɓar la'ada a kan kowane kwando, a fitar da wani abu a kafa rumfar kwana mai rufi da makewayi. Ƙaramar hukuma ta ba da fili. Limamai su sa maganar a huɗuba kafin sanyi ya kama, masu gonaki kuma kowa ya san inda ma'aikacinsa ke kwana.

Ku kuma masu sauraro, ku aiko mana da ra'ayinku, musamman ku 'yan ci-rani da ke jin mu a rediyon mai shayi: wa ya fi gaskiya tsakanin kyanwa da ɓera, kuma a ina kuke kwana a bana? Za mu karanta saƙonninku a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.

(KIƊAN RUFE SHIRI)