Ƙaramar Karkatar Ƙashin Baya: Me Tiyata Ke Iya Gyarawa?

Mutum ya daɗe yana fama da ciwon kwankwaso, sai likita ya tura shi ɗaukar hoton ƙashi. Da aka ɗaga hoton ga haske, sai ya ga gadon bayansa ya ɗan lanƙwashe gefe guda kamar baka. Daga nan hankali ya tashi, tambayar farko ita ce ko sai an yi aiki. Ga mafi yawan manya masu ƙaramar karkata, amsar ita ce a'a. Amma akwai waɗanda tiyata ke yi wa rana, kuma yana da kyau a san su wane ne.

Likitoci suna auna wannan karkata, wadda suke kira sikoliyosis, da ma'aunin da likitan ƙashi na Amurka John Cobb ya bayyana a 1948. Sai lanƙwasar ta kai digiri 10 ake lissafa ta a matsayin larura. Daga nan zuwa wajen digiri 25 ƙarama ce, kuma ba a saba maganar miƙar da baya da ƙarfe ba sai ta kusanci 45 ko 50. Wannan daban take da doro, wanda baya ke tanƙwarewa gaba, kamar yadda tarin fuka kan yi idan ya ci ƙashin baya.

A wurin manya, karkatar iri biyu ce. Akwai wadda mutum ya taso da ita tun lokacin balaga, sau da yawa bai ma sani ba. Akwai kuma ta tsufa, wadda kan bayyana bayan shekara 50, lokacin da faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye ta gefe ɗaya, sai ginin ya jirkice. Game da ta farko, Stuart Weinstein da abokan aikinsa a Jami'ar Iowa sun bi masu larurar tsawon shekaru da dama, suka gano cewa wadda ba ta kai digiri 30 ba lokacin da ƙashi ya gama girma ba kasafai take ƙaruwa ba. Wadda ta haura 50 ce ke ci gaba, kimanin digiri ɗaya a shekara.

To me ke kai mai ƙaramar karkata ɗakin tiyata? Galibi matsewar jijiya ce. Idan ƙofofin da jijiyoyi ke bi su sauka ƙafa suka tsuke, sai mutum ya ji zafi yana gangarowa daga ƙugu zuwa cinya da ƙwauri, ko ƙafa ta riƙa sagewa. Wani ba ya iya tafiya daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya zauna, ko ya duƙa gaba kafin ya sami sauƙi. A nan aikin likita shi ne ya sassaƙe ɗan ƙashin da ya danne jijiyar, ya buɗe mata hanya. Idan kuma gaɓoɓin ƙashin bayan suna zamewa, sai a haɗa biyu ko uku da noti da sandunan ƙarfe, a zuba ɓarɓashin ƙashi domin su manne su zama guda. Manne ƙashin baya tsohon aiki ne, Russell Hibbs ya yi shi a New York tun 1911, sannan Paul Harrington ya zo da sandar ƙarfe a shekarun 1950.

Sakamakon ya danganta da abin da ya kai mutum. Wanda ciwon ƙafa ya fi damu shi ne ya fi cin riba: zafin kan ragu sosai, tafiya ta ƙaru. Wanda kuwa ciwon bayan kaɗai ke damu, ba shi da wannan tabbacin, domin ciwon baya yana da tushe da yawa, kuma mai yiwuwa karkatar da aka gani a hoto ba ita ce mai laifin ba. Akwai waɗanda aka miƙar musu da baya, hoto ya yi kyau, ciwo kuma yana nan daram.

Kowane aiki da farashinsa. Idan aka buɗe wa jijiya hanya kawai, aikin ya fi sauƙi, jinyar ta fi gajarta, amma karkatar na iya ƙaruwa daga baya har a sake komawa. Idan aka manne ƙasusuwa, wurin ya daina lanƙwasuwa har abada, nauyin kuma ya koma kan gaɓoɓin sama da ƙasa, su ma su fara gajiya da wuri. Idan haɗin ya yi tsawo, ɗaura takalmi da zama a tabarma da sujada duk sai sun canza salo. Mannewar kan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci kuma ta ƙi kamawa, noti ya saki ko sanda ta karye. Ga haɗarin ƙwayoyin cuta a rauni, zubar jini da taɓuwar jijiya. Shan taba, ciwon sukari, ƙiba da raunin ƙashi na tsufa, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, duk suna ƙara waɗannan haɗura.

Shi ya sa ake fara gwada abin da ba ya buƙatar wuƙa: motsa jikin da ke ƙarfafa naman ciki da na baya a hannun masu gashin ƙashi na asibiti, rage ƙiba, maganin zafi, wani lokaci allurar da ke lafar da kumburin jijiya. Waɗannan ba sa miƙar da baya, haka ma tausa da ɗori, amma sukan isa mutum ya ci gaba da harkokinsa. Sai dai akwai alamun da ba a jira da su: ƙafa ta fara mutuwa, fitsari ko bayan gida ya ƙwace ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya sage. Wannan a garzaya asibiti a ranar.

Wanda aka ba shawarar tiyata, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ne ko a ƙasar waje, ya tambayi likita dalla-dalla: wane ciwo ne aikin zai kawar, na ƙafa ko na baya? Gaɓoɓi nawa za a haɗa? Me zai faru idan an dakata shekara guda? Ya kuma nemi ra'ayin likita na biyu. Mai ƙaramar karkata da ke tafiyarsa lafiya, yana barcinsa, yana neman abincinsa, ya bar hoton a cikin ambulan ɗinsa, kada garin neman gira a rasa ido.