Birnin da Ya Rushe Gadar Sama Ya Tono Rafi

A watan Yulin 2003 hukumomin Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, suka fara rushe wata gadar sama a tsakiyar gari, wadda ita da titin ƙarƙashinta ke ɗaukar motoci fiye da 160,000 a kullum. Ƙarƙashin kwaltar kuwa akwai rafin Cheonggyecheon, da aka soma rufewa da kankare tun 1958 saboda ya zama juji. Magajin garin lokacin, Lee Myung-bak, ya sa aka tono shi. Zuwa Oktoban 2005 an buɗe kilomita 5.8 na ruwa mai gudu, da hanyar ƙafa, da duwatsun da yara ke takawa su haye. Wurin da hayaƙi da duhun gada suka kori jama'a daga gare shi, yau ma'aikatan ofis ke zama bakinsa da rana, su tuɓe takalma su tsoma ƙafa. Unguwa takan farfaɗo ne idan mai tafiya a ƙasa ya samu dalilin tsayawa, domin motar da ta wuce ta sama ba ta sayen ko allura.

Masu adawa sun ce cunkoso zai shaƙe gari. Bai shaƙe ba, don kuwa a 2004 an sake tsarin motocin bas, aka ware musu layi a tsakiyar manyan tituna, mutane da yawa suka ajiye motocinsu. Ƙorafin da ke da ƙarfi shi ne na masu kasa kaya a bakin titi: an kwashe su zuwa filin wasa na Dongdaemun, bayan 'yan shekaru shi ma aka rushe shi. Wannan kuskure ne, ko ana sha'awar aikin dole a faɗa. Ruwan ma yawanci daga kogin Han ake turo shi da famfo, abin da ke cin kuɗi kullum. Duk da haka waɗannan aibobin yadda aka gudanar da aikin ne, ba su taɓa tushen hujjar tono rafin ba.

Wannan darasi ya shafi Kano, inda ake cike kududdufai da shara a yanka filaye, damina ta zo ruwa ya rasa mafita ya faɗa gidaje. Kududdufin da aka yashe, aka kewaye da itatuwa da wurin zama, aka bar wa mai shayi da mai ƙosai gefensu, ya fi jerin shagunan da za a dasa a kansa amfani ga unguwa.