Iyafis Ruwa-Biyu A Minna: A Nan Ji Ne Ya Kori Gani

MINNA: A da can, idan ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ya tashi zuwa gida hutun Salla, babbar tsarabar da akan sa ido a gani a hannunsa in ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Minna ita ce akwatin rediyo, ko kuwa rakoda mai cin kaset, wadda girmanta kaɗai ya isa ya shaida wa 'yan unguwa cewa tafiya ta yi albarka. To, zamani riga ne. Yanzu abin da ƙanne da 'ya'ya ke bugo waya suna roƙo a sayo musu daga kasuwar Alaba ko ta Computer Village da ke Ikeja bai fi a rufe shi cikin tafin hannu ba, watau iyafis ɗin nan da ake cusawa cikin ramin kunne, wayarsa ta zagaya ta bayan kunnen, irin wanda akan gani a kunnen mawaƙa.

Iyafis dai ba baƙo ba ne a wannan gari, hedkwatar Jihar Neja tun 1976. Duk wanda ya ratsa rukunin shagunan Obasanjo ko Kasuwar Kure zai gan su iri-iri a rataye. Amma wanda ake magana a kansa a nan daban yake, domin a kowane kunne akwai 'yan ƙananan lasifika iri biyu da aka haɗa su yi aiki tare, kamar dabbar da uwa daban uba daban, shi ya sa sunan ruwa-biyu ya dace da shi. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, da samarin da ke haɗa waƙa a situdiyo, da mawaƙan biki, su ne suka fi nemansa, kuma sau da yawa ɗan'uwan da ke kudu ake ɗora wa nauyin sayen. Saboda haka ya kamata mai sayen ya san abin da zai ba da guminsa a kai, tun da kuɗinsa ne, kunnen kuma na jininsa ne.

Mai Fata Da Mai Harshe

Lasifika ta farko ita ce wadda kowa ya sani, irin ta cikin rediyo, sai dai an ƙanƙantar da ita har faɗinta ya koma kamar milimita 10. Tana da wata siririyar fata kamar ta ganga, da naɗin wayar jan ƙarfe a manne da ita, da maganaɗisu a baya. In lantarki ya bi ta cikin naɗin sai fatar ta riƙa kai da komo tana tura iska. Da yake tana iya tura iska da yawa, ita ce gwanar kauri da zurfin sauti, irin rugugin tambari da amon ganga. A jikin kwali akan rubuta mata haruffan DD.

Ta biyu kuwa ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ko uku a haɗe ba. A cikinta akwai wani ɗan harshen ƙarfe da aka daidaita tsakanin maganaɗisu biyu. Lantarki na zuwa sai ya yi rawa, ya girgiza wani ɗan faifai ta hanyar siririn tsinke. Asalinta a wannan ƙanƙanta daga na'urar taimakon masu raunin ji ta fito, kuma kamfanin Knowles na Amurka, wanda aka kafa a 1946, yana cikin waɗanda suka shahara da ƙera ta. Ba ta da ƙarfin tura iska, amma tana da sauri da tsabta, tana fito da siririn sauti irin na sarewa da kukuma, har da numfashin mawaƙi tsakanin baiti da baiti. Haruffanta su ne BA.

Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai girgiza sau 20,000. Wannan fili ne mai faɗi, don haka maƙera suka ga ya kyautu a raba aiki: mai fata ta riƙe ƙasa, mai harshe ta riƙe sama. Mai karatu in ya ga an rubuta 1DD+4BA, ma'anarsa mai fata 1 da masu harshe 4 a kunne guda.

Inda Abin Ya Samo Asali

Ba don ado aka ƙirƙiro wannan abu ba. Mawaƙin da ke kan dandamali a gaban manyan lasifiku ba ya jin muryar kansa, sai ya yi ta neman a ƙara masa, ƙarar kuma tana cin kunnensa. A 1995 wani injiniyan sauti Ba'amurke, Jerry Harvey, ya ƙera wa Alex Van Halen, mai kiɗan ganga wanda jinsa ya riga ya raunana, iyafis mai lasifika biyu da ke toshe hayaniyar waje ya kawo masa abin da yake bukatar ji kawai. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya tashi.

A 2011 kamfanin AKG na ƙasar Ostiriya ya fito da K3003, ruwa-biyu mai fata 1 da harshe 2, kuɗinsa fiye da dala 1,000. Ba a daɗe ba masana'antun ƙasar Sin suka shigo. A 2016 kamfanin KZ ya fito da ZST wanda bai kai dala 30 ba, a 2019 kuma ya kawo ZS10 Pro mai lasifika 5 a kowane kunne. Ta haka abin da a da sai attajirai da manyan mawaƙa ya iso hannun ɗalibi a Bosso da mai ɗinki a Kpakungu.

Yawan Makaɗa Ba Shi Ne Daɗin Kiɗa Ba

A nan ne gizo ke saƙa. Da araha ta zo, sai gasa ta koma ta ƙidaya: wannan mai 3 ne, wancan mai 5, ga mai 8. Mai saye kuwa ya ɗauka wanda ya fi yawa shi ya fi kyau. Alhali duk wanda ya taɓa sauraron marigayi Mamman Shata ya san ba yawan masu kalangu ne ya sa kiɗansa ya zauna ba. Kowane makaɗi ya san inda zai shiga da inda zai ja baya ya bar murya ta fito. Shi kuwa marigayi Ɗan Maraya Jos, da kuntigi guda mai tsirkiya ɗaya ya cika ƙasar nan.

Haka yake a cikin iyafis. Akwai wani ɗan tsarin lantarki, tare da 'yan bututu da matatai, wanda aikinsa shi ne raba wa kowace lasifika rabonta. Shi ne sarkin kiɗan. In an ƙware wajen tsara shi, mai sauraro ba zai taɓa gane inda mai fata ta tsaya mai harshe ta karɓa ba. In kuwa an yi masa aikin gaggawa, sai a sami haɗin gambiza: ƙasa ta yi ta gurnani ta danne murya, sama ta yi kaifi kamar ana goga cokali a kwanon sha, tsakiya kuma, inda muryar ɗan Adam take, ta zama rami. Irin wannan yakan burge a minti 5 na farko cikin shago, amma bayan awa guda kai ya ɗauki ciwo.

Bugu da ƙari, a 2022 wasu masu gwajin kayan sauti sun farke wasu iyafis masu araha, suka tarar cewa wasu daga cikin lasifikun da ake tallar da su ba sa ƙara wani abin a-zo-a-gani ga sautin da ke fita. Har ila yau, akwai iyafis masu lasifika guda tak da masana ke fifita su a kan masu 5. Ashe ke nan lambar da ke jikin kwali ba shaida ba ce.

Yadda Za A Gwada

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani. Mai saye ya tafi da wayarsa da abin da kunnensa ya saba da shi, ya nemi a bar shi ya gwada. Da fari ya sa murya zalla, alal misali karatun Alƙur'ani ko labarun rediyo, ya lura da haruffan s da sh da ts: in suna sukar kunne kamar allura, sama ta yi yawa. Sa'an nan ya sa kiɗa mai ganga da amshi, irin na Shata ko na marigayiya Hajiya Fatima Lolo ta Bida, ya ji ko ganga ta bar kalmomi sun fito ɗaya-ɗaya. Daga ƙarshe ya rage ƙara ƙwarai. Iyafis na kirki ko an rage shi komai na nan. Wanda sai an ƙure shi yake daɗi, a mayar wa mai shago kayansa.

Kafin a yanke hukunci, a tabbata robar bakin ta zauna daram a kunne, domin in iska na kurɗawa, kaurin sauti duk ya zube, ko da na dala 1,000 ne. Shi ya sa ake zuba robobi manya da matsakaita da ƙanana a cikin kwali. Kuma a sani iyafis ba ya gyara waƙar da ta lalace. Wadda aka matse, aka tura daga waya zuwa waya, ko aka kwafo a wajen masu tura waƙoƙi a kan kati, ruwa-biyu tona mata asiri zai yi, ya fito da duk wani shuu da ƙarce-ƙarce. Zufar bazarar Minna, da ƙurar hunturu, da dattin kunne su ma sukan toshe 'yar ragar bakin, ɓangare ɗaya ya dusashe, a ɗauka ya mutu, alhali gogewa kawai yake bukata.

Kunne Ba Shi Da Safaya

Babban abin da ya sa wannan magana ta wuce ta nishaɗi shi ne lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'aunin da ta bayar shi ne babba na iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako. In ya kai 90, awa 4 kacal. In ya kai 100, minti 20 ne a mako ɗungum. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa, kuma ƙarar da ke saura tana kuka a kunne bayan an cire iyafis alama ce ta an yi musu lahani.

Alherin wannan iyafis shi ne, da yake yana toshe hayaniyar waje, ba a bukatar ƙure shi don a rinjayi ƙarar janareto ko ta kasuwa. Amma wannan toshewa ita ce kuma sharrinsa a kan titi. Ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da ya toshe kunnuwansa a shataletalen Mobil, ko mai tsallaka titi a Agege, ba zai ji hon ɗin tirela ba sai ta iso kansa.

Saboda haka ɗan'uwan da zai aiko da wannan tsaraba gida, kada ya ƙidaya lasifika, ya saurara tukuna. In ya miƙa wa yaro kuma, ya haɗa masa da kalma biyu: a rage ƙara, a cire a kan hanya. Iyafis in ya lalace Alaba na nan, amma kunne in ya tafi babu kasuwar da ake sayar da shi.