Tsarin Fatar Jiki da Haɗuranta a Bakin Tafkin Kainji

Fata ita ce sashe mafi girma a jikin ɗan Adam. Faɗinta a jikin baligi yakan kusan kai murabba'in mita 2, kuma hawa uku gare ta.

Hawan sama shi ne wanda ido ke gani. Ba shi da kauri, babu jijiyar jini a cikinsa, kuma yakan sabunta kansa cikin kimanin mako 4. A nan ake samar da sinadarin melanin, mai ba fata launi da kare ta daga zafin hasken rana. Hawan tsakiya ya fi kauri, kuma a cikinsa jijiyoyin jini suke, da jijiyoyin jin zafi da taɓi, da tushen gashi, da mafitar gumi da maiƙo. Hawan ƙasa galibi kitse ne, mai riƙe ɗumin jiki da rage ƙarfin bugu.

Ga mazauna Yauri, Ngaski da Shanga, inda su da noman fadama ke haɗa mutane da ruwa kullum, sanin wannan tsari yana da amfani. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta samar da ruwa mai kwanciya, irin wanda dodon koɗi ke so. Daga jikinsa ne ƙananan tsutsotsin tsargiya ke fitowa, su huda fatar mai wanka ko masunci ko da babu rauni, su shiga jini. Fitsarin jini alamarta ce, kuma ƙwayar praziquantel na maganinta.

Daɗewa cikin ruwa yana tausasa hawan sama, ya jawo cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa. Tsane ƙafa sosai da sanya takalmin roba suna rage wannan. Lokacin hunturu kuwa, man kaɗe na hana kaushi da faso.

Man bilicin ma haɗari ne. Wasu nau'o'insa na hana samar da melanin, wasu na sa fata ta yi sirara har rauni ya ƙi warkewa, mai ɗauke da sinadarin makuri kuma yana lalata ƙoda.

Tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi yana iya zama farkon kuturta. Ana warkewa daga ita, maganinta kyauta ne, kuma zuwa asibiti da wuri yana hana nakasa.