Kurciyoyin Wayar Kwanar Dangora

Muna tsaye a Kwanar Dangora muna jiran motar Tudun Wada, sai ɗan ƙanwata ya ja mini hannun riga, ya nuna sama. Kurciyoyi ne wajen goma jere a kan wayar wuta, wata ma tana gyaran fiffike. Ya ce, "Kawu, su me ya sa wuta ba ta jan su?" Wani mai sayar da rake a gefenmu ya riga ni amsawa, ya ce ai ƙafar tsuntsu kamar roba take. Wani kuma ya ce wayar ce aka lulluɓe. Na sha jin waɗannan amsoshi, kuma suna tayar mini da hankali, domin wanda ya yarda da su zai iya rasa ransa.

Wayar nan tsirara take. Yawancinta alminiyam ne da aka murɗa, babu abin da ya rufe ta. Ƙafar kurciya kuwa nama ce da jini irin namu. Abin da ya cece ta daban ne.

Duk wanda ya san dam ɗin Tiga zai gane shi da sauri. Tun da aka gama dam ɗin a 1974, zamanin Audu Bako, ruwansa ke bin babbar kwata zuwa gonakin Kadawa da Kura, ba don komai ba sai don Tiga na tudu, gonakin na gangare. Ɗauki tiyo ka tsoma bakinsa biyu a cikin tafkin, kusa da juna. Ruwa ba zai gudana a cikinsa ba, komai yawan ruwan tafkin, tunda babu gangare tsakanin bakunan biyu. Amma fito da ɗaya bakin ka sauke shi ƙasan dam, ka ga gudu.

Haka lantarki yake. Ba ya shiga jiki ya zauna. Ratsawa yake yi, daga inda ƙarfinsa ke sama zuwa inda yake ƙasa. Wannan ƙarfi shi ake aunawa da bolt. Wayar da kurciya ke kai tana iya ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, amma wannan lissafi ne tsakanin wayar da 'yar'uwarta. Tsakanin ƙafarta ta dama da ta hagu, tazarar da ba ta kai tsawon yatsa ba, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda ba. Batirin tocila ma bolt ɗaya da rabi ne. Ga ƙarfe shimfiɗe, hanya mai sauƙi, me zai sa wuta ta ratse ta cikin jikin tsuntsu? Sai ta wuce abinta.

Sharaɗin dai guda ne: kada ta taɓa abu na biyu. Ran da fiffike ya haɗa waya biyu, ko ƙafa na kan waya baki ya taɓa ƙarfen falwaya, to gangare ya samu, kuma jikinta ne kwatar. Shi ya sa ƙananan tsuntsaye ke tsira, manya ke mutuwa. Ungulu, shirwa, da shamuwar da ke zuwa mana da albishirin damina, duk fiffikensu na iya cike tazarar da ke tsakanin wayoyi. Jemage ma haka: ya rataya a ta sama, jikinsa ya sauko ya taɓa ta ƙasa. Wanda ke bin hanyar Falgore zuwa Doguwa da ido a buɗe ya taɓa ganin busasshen jemage maƙale a waya. Waɗannan fararen kwanukan tangaran da ke kan falwaya kuwa ba ado ba ne, su ne ke raba waya da ƙarfe da ƙasa.

A Amurka akwai ma'aikatan da jirgi mai saukar ungulu ke kaiwa kan manyan wayoyi, su yi gyara ba a kashe wutar ba, sanye da tufafi na musamman. Dabarar kurciya suka ara: babu abin da ya haɗa su da ƙasa.

Mu kuwa kullum a kan ƙasa muke, wato ƙafarmu tana riƙe da abu na biyun tun kafin hannu ya kai. Bolt 230 na cikin ɗaki ya isa ya tsayar da zuciya. Ta 33,000 ba ta ma jiran a taɓa ta, tana iya tsallako iska idan an matso sosai. Ina tuna makiyayin da ke hawa bishiya da rani yana saro wa dabbobi ganye, reshe ɗanye na lilo kusa da waya. Ina tuna yaran mota da ke zama a ƙololuwar lodin masara daga Doguwa, da mai ɗaga kwanon rufi ko dogon rodi a gini. Ɗanyen icce da jiƙaƙƙiyar gora duk suna ɗaukar wuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wayar da iskar farkon damina ta tsinka. Na taɓa ganin saniya kwance matacciya a gona, taku da yawa tsakaninta da wayar, mai ita na rantsuwa ko kusa ba ta je ba. Gaskiya ya faɗa. Idan waya mai wuta ta faɗi, wutar na bazuwa cikin ƙasa, tana raguwa da nisa, kamar tudu mai gangarowa ta kowane ɓangare. Ƙafafun saniya na gaba suna wani mataki, na baya suna wani, tazarar kuma mai faɗi ce, sai wutar ta shiga ta nan ta fita ta can, ta bi ta ƙirji. Kurciya ta tsira saboda ƙafafunta na kusa da juna. Saniya ta mutu saboda nata na nesa.

Don haka na ce wa yaron, in ya ga waya a ƙasa, ya ɗauka tana da wuta ko da garin duhu ne, domin ana iya maido ta kowane lokaci. Ya tsaya nesa, kamar mita 10, ya kira manya su sanar da ma'aikatan wuta. In kuwa ya tsinci kansa dab da ita, kada ya ruga da dogon taku. Ya haɗe ƙafafunsa, ya riƙa jan su a hankali ba tare da ɗagawa ba, har ya fita.

Nan take ya gwada a bakin titi, yana jan silifas cikin ƙura, har motarmu ta iso.