Ihtiyaɗi Wajen Share Fayil a Kwamfutocin Farko

Matasan Unguwar Gai da ke riƙe da wayoyi a yau, waɗanda in sun share hoto bisa kuskure sukan iske shi a kwandon shara su maido da abinsu, da wuya su yarda cewa an yi zamanin da kwamfuta ba ta san wannan rangwame ba, zamanin da akawun da ke zaune gabanta a shagunan buga takardu na birnin Kano, inda mutanen Rano da Kibiya kan kai takardunsu na neman aiki da na cinikin gona, ba shi da abin dogaro face natsuwarsa.

A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa, tana aiki da manhajar DOS ta kamfanin Microsoft. Babu hoto, babu linzami, sai baƙin allo da harafin A ko C yana jiran umarni. Da yake faifan lokacin, mai faɗin inci 5¼, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilobayit 360 a mafi yawan injuna, shara ta zama larura ta kullum: mutum ya rubuta DEL ko ERASE, ya bi shi da sunan fayil, wanda ba ya wuce haruffa 8 da ɗigo da wasu 3, ya danna, shi ke nan hukunci ya zartu.

Babbar fitina tana cikin alamar tauraro, wadda ke tsayawa a madadin kowane suna. Wanda ya rubuta DEL *.BAK yana nufin kawar da tsofaffin kwafe irin waɗanda manhajar WordStar kan bari, kuma wannan daidai ne. Amma wanda gafala ta sa ya rubuta DEL *.DOC, to duk wasiƙun da ke cikin wannan jakar sun tafi ba tare da an ce masa uffan ba, domin injin ba ya neman tabbaci sai an umarce shi da share kome da kome, wato tauraro, ɗigo, tauraro. Har ma akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa: DOS ba ya duban haruffan da suka biyo bayan tauraro kafin ɗigo, saboda haka mai rubuta DEL *A.TXT, yana zaton ya ware sunayen da suka ƙare da A kaɗai, alhali kuwa ya share duk mai TXT.

Ƙa'idar da ma'abota wannan sana'a suka riƙe, kuma a ganina ita ce mafi fa'ida duk da sauƙinta, ita ce a fara rubuta DIR da ainihin lafazin da ake niyyar bai wa DEL, a karanta jerin sunayen da ya fito a tsanake, a kuma tabbatar da jakar da ake ciki, sa'an nan a zartar. Daga fitowar DOS 4.0 a 1988 aka sami damar ƙara /P a ƙarshen umarni, sai injin ya riƙa tambaya a kan kowane fayil ɗaya bayan ɗaya. Fayil mai daraja kuwa akan kulle shi da ATTRIB +R. Shi ma faifai yana da nasa makulli, sai dai abin mamaki, a babba mai inci 5¼ liƙe tsagar gefe ke hana shara, a ƙarami mai inci 3½ kuwa buɗe 'yar tagar ke hanawa.

To, mene ne haƙiƙanin abin da ke faruwa in an share? Injin ba ya taɓa rubutun da kansa. Yana musanya harafin farko na sunan da wata lamba ta musamman, E5, sa'an nan ya je jadawalin rabon faifai, wanda ake kira FAT, ya rubuta cewa guraben nan ba su da mai su. Misalinsa kamar gonar da aka soke sunan mai ita daga littafin dagaci, alhali dawa na tsaye a cikinta har ranar da wani zai shigo da garma. A kan wannan sirri Peter Norton ya gina manhajarsa ta UNERASE a 1982, kuma sai a 1991 Microsoft ya sanya UNDELETE cikin DOS 5.0, kuma tun da an musanya harafin farkon sunan, mai neman maido da fayil akan buƙace shi ya tuna da shi. Akwai babban sharaɗi ɗaya na samun nasara, kuma shi mai firgita ya fi saurin karyawa: kada a ajiye kome a faifan bayan kuskuren, domin sabon fayil yana iya sauka a kan tsohon. Fayil ɗin da guntayensa suka warwatsu a faifai ma yakan dawo a gurgunce.

A 1993 DOS 6.0 ya zo da DELTREE, mai tumɓuke jaka da duk rassanta, har da fayilolin da aka kulle. Kwandon shara, wanda kwamfutar Macintosh ke da shi tun 1984, bai iso ga masu Windows ba sai 1995.

Wannan mas'ala ba ta zama tarihi ba. Har yau DEL a Windows ba ya bi ta kwando, haka nan abin da aka share daga filas. Memorin da ake sa wa waya, ake kai wa masu tura karatu da waƙoƙi a kasuwa, galibi da jikokin FAT yake aiki. Wanda hotunansa suka salwanta a ciki, ya cire shi nan take ya nemi masani. Wanda kuma zai sayar ko ya ba da aro, ya sani shara kaɗai ba ta suturta sirrin iyalinsa, sai ya cika memorin taf da wani abu dabam, sa'an nan ya sake sharewa.