Motsa Jiki: Kada Babur Ya Raba Mu Da Ƙafafunmu

'Yan'uwa, kakanninmu na ƙasar Bichi da Dambatta da Kunchi ba su taɓa keɓe lokaci domin motsa jiki ba, gama rayuwarsu kanta motsi ce. Maza na kora jakuna zuwa birnin Kano da itace, su komo da taki. Mata na daka da surfe, suna jan ruwa a rijiya. Bayan kaka samari su yi kokawa a dandali, yara su yi langa.

Yau fa? Babur ke kai mu kasuwa, har ma majami'a, inji kuma ke yi mana niƙa. Taimako ne, mun gode Allah. Amma damina a nan wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Da an kai amfani rumbu, in ban da masu noman rani irin na madatsar Watari da ke Bagwai, yawancinmu sai zaman gindin bishiya. Malaman makaranta, masu shaguna da mu ma'aikatan ikkilisiya kuwa, zamanmu ya fi na kowa yawa. Zaman nan yana cikin abubuwan da ke buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga. Hawan jini ba ya sallama, sai dai a ji magidanci ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, iyali su shiga wahala.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri ta isa. Ma'auninta shi ne ka iya magana amma ka kasa rera waƙa.

Farawa ba wuya, ɗorewa ce aiki. Mutum ya tashi da zafi, bayan mako biyu sanyin hunturu ya mai da shi ɗaki. To, ina mafita? A ganinmu tana cikin rayuwar kakannin nan. Ba su yi tafiya haka kawai ba, kuma ba safai suke yin ta su kaɗai ba.

Na farko, a haɗa tafiya da wata bukata. Gaishe da majiyyaci, duba gona, zuwa addu'ar safe, duk wanda bai wuce tafiyar rabin awa ba a bar babur a gida. Kuɗin mai ma ya huta.

Na biyu, a nemi abokin tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya san ana jiransa a ƙofar gida ba zai koma barci ba. Zumuntar Mata za ta iya tsara ziyararta a ƙafa, matasa kuma su riƙe ƙwallo da faretin Boys' Brigade.

Na uku, a fara da kaɗan. Minti 10 da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi ya isa mafari, a riƙa ƙarawa. Ranar da aka fasa, kashegari a ci gaba. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara neman shawarar ma'aikacin asibiti.

Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa jikin nan ba mallakarmu ba ne. Amana ce. Lahadi mai zuwa, mai iko ya zo sujada da ƙafa, ya biya wa maƙwabcinsa su taho tare.